Ruwan Hodar da Ba a Yanka Ba

Karammiski ba a ninke shi. Wannan shi ne abu na farko da nake so ku riƙe, ku matasan teloli da kuke ganin rigar digiri wani baƙin buhu ne mai hannuwa, wanda kowa zai iya zuge shi a keke kafin la'asar. Idan ka ninke karammiski, gashinsa ya kwanta a wurin ninkin, kuma layin nan ba ya fita, ko da ka yi masa tururi har hannunka ya sale. Rataye shi ake yi, ko a naɗe shi sako-sako a jikin sanda. Akwai wani guntun yadi ruwan hoda da ke rataye a bayan shagona cikin farar jaka, duk wanda ya leƙa sai ya tambaye ni na mene ne. Zan ba da amsa sau ɗaya a rubuce, in haɗa da abin da na sani na wannan aiki, tunda masu yin sa da hannu sun kusa ƙarewa.

Sunana Tanimu. A Fagge na koyi ɗinki, a wurin ƙanin mahaifina, bayan na gama firamare. Na shigo New York a ƙarshen shekarun tamanin, na sauka a Highbridge, a ɗakin wasu mutanen Maraɗi masu sayar da agogo da jakunkuna a bakin titi. Sun ba ni tebur in gwada, amma ban iya ba. Duk motar da ta rage gudu sai in ɗauka 'yan sanda ne, in fara tattara kaya. Da suka ga zan kashe musu kasuwa, sai wani mutumin Zangon Kumasi ya kai ni wani shago a Morris Heights, inda ya ji ana neman mai hannu a ɗinki.

Mai shagon wata tsohuwa ce, Madam Rita, asalinsu Italiya. Mijinta ya rasu ya bar mata kekuna da kwastomomi. Rigunan mawaƙan coci take ɗinkawa, da na alƙalai jefi-jefi, amma babban abin da ke riƙe da shagon shi ne wata ƙaramar kwaleji da ke can arewa da mu, wadda duk shekara mu ke yi wa ɗalibanta da malamanta kayan bikin yaye. Ba zan faɗi sunanta ba. Kafin in karɓi aikin sai da na je wurin limaminmu na tambaye shi ko ya halatta, don na ga rigunan sun yi kama da na fastoci. Ya ce tufa ce, in je in ɗinka. Bayan kwana biyu na koma na sake tambayarsa, ko bai fahimce ni da kyau ba. Ya ce, “Tanimu, ka je ka yi aikinka, ka bar ni in ci abinci.”

Aikina na farko a wurin Madam Rita ba ɗinki ba ne. Ta shimfiɗa karammiski a kan tebur, ta ce in rufe ido in shafa. Idan ka shafa ta wani gefen za ka ji santsi, ta ɗaya gefen kuma za ka ji yana tura hannunka baya. Gashin yana da inda ya nufa. Idan ka yanka ƙyalle biyu, ɗaya gashinsa ya kalli sama ɗaya ƙasa, ka haɗa su a wuyan mutum, to a cikin shago launi ɗaya ne, amma da ya fita rana sai a ga launi biyu. Haka na yi ta shafa yadi ido a rufe, ni da na yi shekaru ina yi wa manyan riguna aiki. Tana kirana Tani, don sauran sunan ya yi mata tsawo. Takan ce, “Tani, idonka zai yi maka ƙarya a ƙarƙashin wannan fitilar. Hannunka ka tambaya.”

Kayan aikin ba su da yawa. Almakashi biyu, ɗaya na karammiski kaɗai, wanda ba ya taɓa takarda ko zare. Alli mai laushi. Fil sirara, kuma a cikin layin ɗinki kawai ake soka su, don kowane rami yana barin tabo. Sai wani allo mai ɗauke da ƙananan allurai a tsaye kamar buroshi, a kansa ake kifa karammiski a yi masa tururi ta baya. Dutsen guga ba ya sauka a kan fuskarsa har abada. Ni ko bayan na kashe dutsen na rufe shago, sai na dawo daga tashar jirgin ƙasa na sake duba shi. Madam Rita ta gaji da ni ta ba ni makulli nawa na kaina.

Ita rigar, wahalarta a kafaɗa take. Akwai tattara ƙanana a jere da ake yi da hannu, kowace daidai da 'yar'uwarta, su ne ke sa rigar ta zubo a jiki maimakon ta tsaya kamar laima. Hannun riga kuma shi ke faɗin matsayin mai ita. Na digirin farko yana da tsini. Na digiri na biyu dogo ne rufaffe, da tsaga inda hannu ke fitowa. Na dakta faffaɗa ne da layuka uku na karammiski. Amma abin da ya fi kowane magana shi ne abin da ake ratayawa a wuya ya zuba a baya, wanda muke kira hud. Shafinsa na ciki launin kwalejin ne. Bakinsa kuwa, inda aka bi da karammiski, shi ke nuna irin digirin da mutum ya samu. Faɗin karammiskin inci biyu ne ga mai digirin farko, uku ga na biyu, biyar ga dakta.

Ta launukan nan na san abin da ake koyarwa a kwalejin, ni da ban taɓa zama a ajinta ba. Fari na masu tarihi ne, da adabi, da harsuna. Ruwan ɗorawa na kimiyya. Shuɗi mai haske na masu koyon malanta. Ruwan ƙasa na masu zanen hotuna. Akwai wani launi marar daɗin gani, kamar na tsohon buhu, shi ne na kasuwanci da akanta. Sai ruwan hoda, na kiɗa da waƙa. Kwalejin irin ƙananan nan ce da ba sa barin ɗalibi ya kama hanya ɗaya tun ranar farko. Sai ya ɗanɗana komai tukuna: lissafi kaɗan, tarihi kaɗan, harshe, kimiyya, sannan ya zaɓi babban fanninsa, wanda suke ce wa mejo, in ya so ya ƙara ƙarami a gefe. Kowane kos aka ci ana samun kiredit, su ake tarawa har su cika. Akwai kuma ajin yamma na manya masu aiki, waɗanda ke ɗaukar kos ɗaya ko biyu a zango, su yi ta ja har Allah ya yanke musu wahala.

Abu ɗaya da Madam Rita ta maimaita mini har na haddace: launi ba ya bin abin da mutum ya karanta, yana bin sunan digirin da kwaleji ta rubuta masa. Kuma ba a yanka karammiskin kowa sai ofishin rajistara ya aiko cewa ya gama. Baƙar riga ana iya ɗinka ta tun da sanyi, don kowa da kowa baƙa ce. Amma launi shaida ne. Wannan doka ta yi mini daidai, don a gidanmu ma ba a ɗinka wa jariri kaya yana ciki.

Ranar bikin yaye aikinmu ba ya ƙarewa a shago. Nakan ɗauki akwatin fil da allura da ƙaramin injin tururi in tafi kwalejin, in tsaya a wani dogon zaure inda ɗalibai ke yin layi kafin su fita fili. Kusan babu wanda ya iya saka hud da kansa. Akwai ɗan madauki a gaba da ake maƙalawa a maɓalli don kada ya shaƙe wuya, sannan a juyo shafin cikin zuwa waje ta baya, a kwantar da karammiskin a kafaɗa. Kafin masu digiri su fita, ƙungiyar mawaƙan sashen kiɗa ce ke fara fita, su ma cikin baƙaƙen rigunanmu, su jeru a gefen dandamali suna waƙa har kowa ya zauna.

A shekarata ta biyu ina durƙushe ina ɗage wa wata daga cikin mawaƙan ƙasan riga, don ta yi mata tsawo, sai fil ya kuɓuce ya soke ta a idon sawu.

Ta ce, “Wayyo Allah!”

Na ɗaga kai na ce, “Sannu, baiwar Allah. Ki yi haƙuri.”

Ta dube ni ta riƙe baki. “A'a! Daga ina?”

“Kano.”

“Shi ya sa. Na tsallake teku ban tsira daga Bakano ba. Sai da ka biyo ni da allura.”

Sunanta Saratu, mutuniyar Zonkwa ce. A lokacin ta haura arba'in. A Soundview take zaune, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana ɗaga su tana yi musu wanka, in ta tashi ta hau bas biyu ta zo ajin yamma. Digirin kiɗa take yi. A gida ita ce ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu tun tana budurwa, amma da ka take yi, ba ta san rubutun waƙa ba. Ta ce mini tsofaffin matan da suka san waƙoƙin da, na Hausa da na yarensu, suna ta mutuwa da su. Akwai kuma wata makarantar horar da malamai ta cocinsu da ta yi mata alkawarin gurbin koyar da waƙa, in har ta dawo da takardar da aka rubuta kiɗa a kanta. Wannan gurbi shi ne dalilin duk wahalar da take sha.

Daga nan ta zama mai leƙo shagonmu. Takan kawo rigar aikinta a rage mata, ko siket a sa masa zif, amma duk mun san abin da ke kawo ta. Sai ta gama surutu ta ce, “Malam Tanimu, ina nawa?”

In buɗe jakar in nuna mata ruwan hodar a rataye.

“To ka yanka mana. Me kake jira?”

“Sai kin gama, Malama Saratu.”

“Kada ka ce mini malama. Ranar da ka sa almakashi a wannan yadin, ran nan na zama malama. Yanzu dai mai goge wa tsofaffi baki ce.”

“In sha Allahu za a yanka.”

“Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Madam, wannan mutumin naki ko ruwa zai sha sai ya auna shi da tef.”

Madam Rita ba ta jin Hausa, amma takan yi dariya, don ta gane da ni ake.

A bakin Saratu na ji yadda karatun yake daga ciki. Ta ce lissafi ya kusa kashe ta, ta rasa abin da ya haɗa mai waƙa da lissafi, amma dole ne, kowa sai ya yi. Ta yi kos na tarihin Turai, ta yi na ilimin taurari, har ta zo tana gaya mini wai hasken da muke gani na wasu taurarin ya daɗe da barin gida. Na ce Allah ne masani. Ta koyi fiyano da yatsun da sabulun wanki ya farfasa. Malaminsu wani dattijo ne mai farin gashi, wanda nake gyara wa rigarsa ta dakta duk shekara, don asu yana son ta. Shi ya ji muryarta ya ba ta wani wuri a waƙar shiga fili, inda kowa ke yin shiru ita kaɗai ta ja baiti guda da muryar nan tata mai kauri. Ni daga zaure nake jin ta, ban san abin da kalmomin ke nufi ba, amma na san wurin.

Mummunar shekarar ba ta zo da hayaniya ba. A kan sandar rataye yadi na fara ganin ta. A farkon shekarun casa'in aiki ya yi wuya a gari, iyaye suka daina son yaro ya karanta abin da ba za a ɗauke shi aiki da shi washegari ba. Launin buhun nan na kasuwanci sai ya riƙa ƙarewa tun ba mu kai rabin aiki ba, mu sake saye. Ruwan ƙasa ya daina motsi. Ruwan hoda kuwa, abin da muke yanka a shekara bai fi tsawon hannuna ba. Na gaya wa Madam Rita hankalina bai kwanta ba. Ta ce ai hankalina bai taɓa kwanciya ba tun da ta san ni. Amma ita ma na ga ta daina sayen sabo.

Sai ga labari cewa kwalejin za ta rufe wasu sassa: zane, da harshen Faransanci, da kiɗa. Za a buɗe na kwamfuta, a faɗaɗa na kasuwanci. Waɗanda suka yi nisa an ba su shekara ɗaya su ƙarasa. Wanda bai ƙarasa ba, ba za a kore shi ba, kiredit ɗinsa ba za su zube ba, amma za a mayar da shi digirin gama-gari, wanda babu sunan wani fanni a kansa. Launin wannan digiri fari ne.

Saratu ta zo shago da rigar aikinta a jiki, ba ta kawo ɗinki ba. Ta zauna a kan kujerar awo ta yi mini lissafin abin da ya rage mata. A yadda take tafiya da, aikin shekara biyu ne da wani abu. Kuma kosakosan da suka rage duk na rana ne.

Na ce, “Yanzu yaya za a yi?”

“Zan koma shif na ƙarshen mako, in haɗa biyu-biyu. Sauran kwanakin in zauna a makaranta.”

“Barci fa?”

“In na koma Zonkwa na yi.”

“Kuma in jikinki ya ƙi? In kika faɗi a bas? In kika yi kuskuren maganin wani tsoho?”

“Malam Tanimu, don Allah. Na zo ka ƙarfafa ni, ka tsaya kana jera mini masifu kamar mai tallan su. Nuna mini nawa in tafi.”

Na nuna mata. Ta tafi.

A wannan shekarar ba ta leƙo sosai ba. Sau ɗaya na gan ta a jirgin ƙasa mai lamba huɗu, tana zaune ido a rufe, yatsunta suna tafiya a kan jakarta kamar a kan fiyano. Ta rame. Ban tashe ta ba. Zango na farko ta ci duk abin da ta ɗauka. A shago kuma abubuwa suna ta lalacewa. Wani babban kamfani daga wata jiha ya fara kawo wa makarantu riguna na roba-roba a cikin leda, marasa tattarar hannu, a saka sau ɗaya a yar. Kwalejin ta gaya wa Madam Rita cewa wannan bikin shi ne na ƙarshe da za mu yi wa ɗalibai. Masu ɗinki biyu da ke tare da mu suka tafi neman wani aikin, aka bar ni da tsohuwa. Wani mai yin matasan kujera ya zo yana sayen ragowar karammiski, ya kwashe ruwan ƙasa duka. Da ya kai hannu ga ruwan hoda na ce akwai mai shi. Madam Rita ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wa mutumin, “Ka ji abin da ya ce.”

Zango na ƙarshe ya rage wa Saratu abu biyu: wani kos na jagorantar ƙungiyar mawaƙa, da waƙar gwaji da ɗalibi ke yi gaban malamai. Kwalejin tana da doka cewa ba a buɗe aji sai ɗalibai sun kai wani adadi. Sauran ɗaliban kiɗa, yara ne masu ƙarfin ƙafa, tuni sun koma wasu makarantun. Su biyu kaɗai, har da Saratu, suka yi rajista. Aka soke kos ɗin. Dattijon malamin ya ce zai koyar da su a ofishinsa ko ba a biya shi ba. Aka ce masa ya kyauta, amma abin da ba ya cikin tsarin zangon ba a ba shi kiredit. Akwai wata makaranta a cikin gari da ke yin irin kos ɗin, sai dai sun riga sun rufe ɗauka, kuma kafin su sake buɗewa digirin da za a kai kiredit ɗin cikinsa ya daina wanzuwa. Duk da haka ta yi waƙar gwajinta, malamai suka ce ta ci. Kos ɗaya ya rage.

Da sunaye suka zo daga rajistara, nata yana cikin masu fari.

Tun daga ranar na shiga damuwa kan abu ɗaya: idan ta zo awo ta roƙe ni in sa mata ruwan hoda fa? Yadin yana nan. Babu wanda zai tsayar da ita a layi ya bincika. Kuma duk wanda ya san ta ya san kiɗan ta karanta. Amma launi shaida ne, ni kuma ba zan iya ɗinka shaidar da ba a bayar ba. Na shirya maganar da zan gaya mata, na sake ta, na sake shirya wata. Na gwada a Hausa, na gwada yadda zan sa Madam Rita ta faɗa da Turanci don kada ta fito daga bakina. 

Ta zo wata Talata da hantsi. Ta gaishe da Madam, ta tsaya a gaban madubi ta miƙe kafaɗa. Na ɗauko tef.

Ta ce, “Fari ne, ko?”

“Fari ne.”

“To auna.”

Na auna daga wuya zuwa baya. Na auna kafaɗa. Ina jiran roƙon ruwan hodar, bai zo ba. Ni ne na kasa haƙuri na tambaye ta mutanen gida fa, makarantar nan da ta yi mata alkawarin gurbi.

“Na buga musu waya. Sun ce hukumar da ke duba su ba za ta yarda da takardar da babu kiɗa a kanta ba. Sun jira ni iya jira. Akwai wani yaro da ya gama a Zariya, shi za su ɗauka.”

“Ba wata hanya?”

“In sake farawa a wata makarantar, su karɓi rabin abin da na yi, su zubar da rabi. Da wane ƙarfin, Malam Tanimu? Dubi ƙafafuna.”

Na naɗe tef. Ta ce in ba damuwa tana so ta ga yadin. Na sauko da shi na buɗe jakar. A duk shekarun nan ban taɓa barin ta ta taɓa shi ba, saboda maiƙon hannu. Ran nan na shimfiɗa mata a kan tebur. Ta shafa ta inda yake santsi, ta dawo ta inda yake turo hannu, launin ya yi duhu a bayan yatsunta, ta sake shafa shi ya koma yadda yake.

“Ashe haka yake,” in ji ta. “Mayar da shi. Ka rataye shi da kyau, kada ya ninke.”

Hud ɗinta ni na ɗinka shi daga farko har ƙarshe. Farin karammiski ya fi kowane wuyar aiki, don ko numfashi ka yi masa sai ya nuna. Na wanke hannu, na shimfiɗa sabon ƙyalle a kan tebur, na bi bakin da ɗinkin hannu maimakon keke. Inci biyu cif. Bayan bikin nan shagon bai ƙara shekara biyu ba. Madam Rita ta koma wurin 'yarta, ta bar mini almakashin karammiski da allon allurai da abin da ke cikin farar jakar. Saratu kuwa a gidan tsofaffin ta ci gaba da aiki har ƙafafun suka hana ta.

Ranar bikin an yi rana mai kyau. Na isa zauren da akwatina kamar kullum. Layin masu launin buhu ya kai har bakin ƙofa ya lanƙwasa. Babu mawaƙan da zan ɗage wa riga, don babu ƙungiyar. A inda suke tsayawa an kafa manyan lasifika biyu, wani ma'aikaci yana zaune kusa da su da rediyon kaset a kan tebur. Ashe duk shekara kwalejin tana ɗaukar waƙar bikin a kaset. Ta bara suka ɗauko.

Na bi layi ina maƙala madauki, ina juya shafi. Saratu tana can wajen ƙarshe, cikin manyan ajin yamma. Ta saka hud ɗin a karkace, kamar kowa. Na zo bayanta na fara gyarawa, sai aka kunna kaset, layi ya fara motsi. Na ji kafaɗarta ta ƙage a ƙarƙashin hannuna.

Waƙar ta yi ta tafiya har ta zo wurin nan da na sani. Muryoyi suka ɗauke. Murya ɗaya mai kauri ta fito daga lasifika ta cika filin, har iyayen da ke surutu a kujeru suka yi tsit.

Wata Baturiya da ke gabanta a layi ta juyo ta ce, “Kai, wannan murya! Ko wace ce?”

Saratu ta ce mata, “Wata ɗaliba ce da aka yi a nan.”

Sannan ta ɗan karkato kai ta ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, “Ka ji inda na ja numfashi? A nan malam yake cewa ina saurin ja. Da bana ne da na gyara.”

Na ce, “Tsaya daidai, Malama Saratu, bakin bai kwanta ba.”

“Saratu dai.”

Na kwantar da farin a kafaɗarta ta dama, na kwantar da na hagu, na shafa shi ta inda gashin ya nufa. Baitin bai ƙare ba lokacin da layi ya kawo kanta. Ta gyara hularta, ta fita cikin rana.